Taswira, marfin kwalba da fitilar caji: yadda wani matashi a Yamai ya gyara filin wasansa

Asalin lamarin

Matashin da wannan bayani ya shafa ɗan Adar ne, daga wani gari kusa da Tawa. Karatun jami'a ya kawo shi Yamai, yana zaune gidan kawunsa a unguwar Bukoki. Na san lamarin daga kusa, domin tabarma ɗaya muke zama a fadarsu, wato majalisar da samari ke taruwa shan shayi, kuma yawancin takardun da suka lalace sun bi ta hannuna.

Wasan da suke yi shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Wanda bai taɓa gani ba, ya ɗauka tatsuniya ce da mutum biyar ko shida ke yi tare. Mutum ɗaya, jagora, shi ke riƙe da duniyar labarin, da garuruwanta da dazuzzukanta da dodanninta. Sauran kuwa kowa da jaruminsa guda, shi ke faɗin abin da jarumin zai yi. In abin da ya nufa yana da haɗari, sai a jefa ƙwaya mai fuska 20, ƴar'uwar ƙwayar ludo, ita ke raba gardama. Matashin nan shi ne jagora. Ya koyi wasan ne daga bidiyoyin Faransanci a intanet, ya koya wa abokansa huɗu.

Muddin ana cikin hira da tafiya, baki ya wadatar. Da zarar faɗa ya kaure a cikin labarin, sai a koma maganar nisa. A bugu na biyar na dokokin, wanda ya fito a 2014, masu wasa da taswira kan raba ta gida-gida, kowane gida ƙafa 5, wato mita ɗaya da rabi a fassarar Faransanci. Zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne, kuma a cikinsa ɗan Adam na iya tafiyar mita 9, gida 6 ke nan. Mutum yana cin gida ɗaya, babbar dabba gida biyu ta kowane gefe, wadda ta fi ta girma gida uku. A kan tebur kuwa, al'ada ita ce kowane gida inci ɗaya, santimita 2.54. Ƴan fadar ba su wahalar da kansu wajen neman sunaye ba, sun aro na dara: murabba'i shi ne gida, abin da ake motsawa a kai su ne ƴaƴa.

Wata biyar suka yi ba taswira. Wani dare a farkon 2023, ɗaya daga cikinsu ya ce jaruminsa na bayan bishiya, kibiya ba za ta same shi ba. Wani ya ce shi da kunnensa ya ji an ce bishiyar tana hagu. Shayi na biyu ya huce ana musu, aka tashi ba a gama faɗan ba. Daga ranar jagora ya ƙuduri yin taswira a kwamfuta, da ƴaƴan dodanni masu hoto, irin waɗanda yake gani a bidiyo.

Maris zuwa Mayu 2023: taswirar farko

Kwamfutarsa ta hannu ce, tsohuwa, ma'adanar aikinta gigabayit 4. Ya ɗora mata GIMP, manhajar zane ta kyauta, ya buɗe fili mai gida 40 a tsawo da 30 a faɗi. Ya taɓa jin cewa bugu mai kyau na son ɗigo 300 a kowane inci, saboda haka ya ba kowane gida fiksel 300, wato ɗigon hoto a kwamfuta. Hoton ya zama fiksel 12,000 da 9,000, wato miliyan 108. Kowane fiksel mai launi yana cin bayit 4, kenan shimfiɗa ɗaya ta zane ta kai megabayit 432. Shi kuwa ya ware ƙasa daban, ciyawa daban, bango, inuwa, itatuwa, layukan gidaje, kowanne da shimfiɗarsa. Kafin ya kai goma, nauyin ya fi ƙarfin kwamfutar. Jan layi ɗaya sai ya jira. A zafin Afrilu na Yamai, lokacin da ma'auni ke haura 40, takan mutu da kanta, kuma sau biyu ta tafi da aikin yini guda.

Abin da ya zana ganuwar Turai ce mai kewaye da ruwa, da mashaya, da itatuwan ƙasashen sanyi, duk cikin launuka masu duhu, kore da toka da baƙi. A fuskar kwamfuta ta yi kyau ƙwarai. Dodannin kuwa hotuna ne da ya kwaso daga intanet, ya yanke su zagaye. Mako tara aikin ya ci, har da kwanakin azumi.

Yuni 2023: bugu na farko da maganar kawu

Ya tura taswirar da ƴaƴan ga wani mai shagon buga takardu ta WhatsApp, a matsayin hoto. Abu biyu suka faru da bai sani ba. In aka tura abu a matsayin hoto, manhajar takan rage masa girma da nauyi don ya tafi da sauri, saboda haka yawancin fiksel ɗin da ya sha wahala a kansu ba su isa shagon ba. Na biyu, ƴaƴan da ya adana a tsarin PNG, wanda ke barin bayan hoto wayam, sun isa can kowanne da murabba'i a bayansa, domin an mayar da su JPEG, shi kuwa JPEG bai san wayam ba.

Mai shagon ya buga kamar yadda ya saba buga takardun ɗalibai, da zaɓin nan da ke matse hoto ya dace da shafi. Takardar A4 santimita 21 ce da 29.7. Gida 40 a jere a kanta, kowane gida ya dawo kusan milimita 7. Ƙwayar gyaɗa ma sai ta rufe shi.

"Malam, ba haka na turo ba," in ji matashin.

"Ɗana, abin da ka turo ke nan. Ka ce in buga, ba ka ce min girman kaza ba."

Aka sake bugawa a A3, mai launi, gidajen suka kai santimita ɗaya, har yanzu ba su isa ba. Launukan da ke haske a fuskar kwamfuta suka fito kamar an jiƙa gawayi, domin fuskar kwamfuta haske take fitarwa, tawada kuwa shanye shi take yi. Jika uku suka tafi a ranar.

Duk da haka suka gwada wasa da ita a daren Asabar. Tunda ƴaƴan ba su yi ba, sai suka ɗora tsabar kuɗi a madadinsu. Kawun ya dawo daga sallar isha'i, ya ga samari biyar sun sunkuya a kan takarda, ga ƙwaya ana jefawa, ga kuɗi a tsakiya.

"Wanga mi na na? Caca ta kunka kawo mini cikin gida?"

"Wallahi kawu ba caca ba ce, labari ne muke yi."

"Labarin da aka yi da kuɗi bisa tabarma? Ku ɗauke."

Suka ɗauke. Wasa ya koma ƙofar gidan wani daga cikinsu, a bakin titi, inda iska da ƙura ke da iko.

Yuli zuwa Satumba 2023: gwajin intanet da ɗaukewar wuta

Sai ya ce a bar takarda. Akwai manhajoji da aka yi musamman don wannan aiki. Inkarnate na zana taswira a cikin burauza, da itatuwa da gine-gine shiryayyu, sai dai ka ɗauko ka ajiye. Roll20, wadda aka buɗe a 2012, tebur ce ta intanet inda kowa ke motsa ɗansa daga inda yake, kuma gidanta na asali fiksel 70 ne. Foundry, wadda ta fito a 2020, saye ake yi sau ɗaya, gidanta fiksel 100. Ya buɗe asusun kyauta a biyun farko, ya yi taswira biyu a mako guda, abin da a da ya ci masa wata biyu.

Amma a cikin su biyar, shi kaɗai ke da kwamfuta. Sauran da waya suke shiga, kuma jan ɗan ƙaramin hoto da yatsa a fuskar waya, ga kuɗin data na tafiya, bai yi musu daɗi ba. Mutum biyar na zaune tabarma ɗaya, kowa ya kafa ido a wayarsa, hirar ta mutu.

Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli. Ƙungiyar CEDEAO, wadda ake kira ECOWAS a Najeriya, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, kuma a farkon Agusta Najeriya ta katse wutar da take turowa, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar. Unguwannin Yamai suka koma samun kuran, wato wutar lantarki, bi da bi. Batirin kwamfutarsa ba ya kai minti arba'in. A ƙarshen Agusta kuma ɗaya daga cikin ƴan wasan, wanda ya fi kowa son abin, ya koma Tawa don taya mahaifinsa tsaron shago, tafiyar fiye da kilomita 500 ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Mako bakwai ba a jefa ƙwaya ba.

Oktoba 2023: marfin kwalba

Wani yammaci yana zaune wajen mai sayar da lemo, ya ɗauki marfin kwalba na ƙarfe yana juyawa a hannu. Ya tafi da shi gida, ya aza masa rula. Cikinsa yana ɗaukar zagayen takarda mai faɗin milimita 25 daidai. Bakinsa na waje, inda yake da haƙora, ya haura inci ɗaya, ya kusa santimita 3. Ba zai zauna a gida mai inci ɗaya ba sai ya taɓa maƙwabcinsa.

Nan ya juya lissafin. Ya bar inci, ya ce gidansa santimita 3 ne. Dokar wasan ba ta damu ba, muddin gida ɗaya na nufin mita ɗaya da rabi. Daga nan ya duba takarda: A4 na ɗaukar gida 6 a faɗi da 9 a tsawo, santimita 18 da 27, da sauran gefe na sama da santimita ɗaya wanda na'urar bugu ke buƙata. Takarda huɗu in aka haɗa, gida 12 da 18. Ya tuna faɗace-faɗacen da suka yi a baya, ya ga babu wanda ya taɓa cin fili fiye da haka. Gida 1,200 ya zana a taswirar farko, alhali 216 sun isa.

Ya koma Inkscape, ita ma kyauta ce. Bambancinta da GIMP shi ne ba ɗigo-ɗigo take adanawa ba, lissafin layi take adanawa, daga nan zuwa can, kauri kaza. Saboda haka girman taswira ba ya ƙara mata nauyi, kuma ana iya gaya mata awo da milimita. Ya saita shafi A4, ya saita layukan gida a milimita 30, ya fitar da aikin a tsarin PDF, wanda ke riƙe da ainihin girman takarda. A gefen kowane shafi ya ja layi guda, ya rubuta a ƙarƙashinsa: santimita 10.

Ya koma shagon nan da rula a aljihu. Wannan karon ya tura fayil ɗin a matsayin takarda, ba hoto ba, ya roƙi a buga shafi ɗaya tak, baƙi da fari, a kashi 100 cikin 100. Takarda na fitowa da ɗuminta ya aza rula a kan layin. Ya ba da 9.6. Mai shagon ya leƙa, ya ga har yanzu zaɓin matsewa na kunne, ya kashe. Na biyu ya fito 10 cif.

"To ka gani, ɗana. Yanzu ka zo da magana."

Nuwamba da Disamba 2023: zane ba wuta

Wuta ba ta daidaita ba, don haka ya raba aikin biyu. Da rana yana zana dodanni da baƙin biro a farar takarda, kowanne kamar faɗin tafin hannu. In kuran ya zo, ya ɗauki hotonsu da waya a inuwa, ya kai GIMP, ya mayar da su baƙi da fari zalla, sannan ya rage su zuwa fiksel 250. Ya gano cewa in ya saita ɗigo 254 a inci, santimita ɗaya na zama fiksel 100 daidai, lissafi ya huta. Shafi ɗaya na ɗaukar ƴaƴa 54, ɗaya a kowane gida.

Kashin farko bai yi ba. Ya zana fuskoki da gashi da haƙora dalla-dalla, amma a milimita 25, ƙarƙashin fitilar caji, daga nisan hannu, duk sun zama tabo. Ya sake su da siffar jiki kawai, baƙi ƙirin a kan fari: kura da gangaren bayanta, maciji a naɗe, gizo da ƙafafunsa takwas, dodo da faɗin kafaɗa. Ya gwada su a kan ƙanwar gidan, yarinya ƴar shekara tara. Yakan ajiye marfi a ƙarshen tabarma ya ce, "Ƙanwata, mene ne wancan?" Wanda ta yi jinkiri a kansa, ya koma zane. Kuraye shida iri ɗaya ya sa musu lamba 1 zuwa 6, don a san wadda aka sara. Kafin yanka, yakan shafe shafin da farin salatef, ya manna zagayen a cikin marfi, haƙora sama. Manyan dodanni, masu cin santimita 6, kwali ya yanka musu.

Game da hotunan intanet na farko, ya watsar da su gaba ɗaya, domin masu su ne suka zana, ba su ba shi izini ba. A Janairun 2023 kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan a yanzu, ya saki ginshiƙin dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kowa na iya aiki da shi in ya ambaci tushe. Sai dai rubutun dokoki aka saki, ba zane-zanen littattafan ba, kuma akwai wasu dodanni na kamfanin da ba sa ciki. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki alƙaluman wata halitta daga dokokin, ƙarfinta da saurinta, ya tufatar da su da siffar tatsuniyar gida. Ya so ya saka iskoki da sunayensu, ɗaya daga cikin abokan ya ce shi ba zai zauna inda ake kiran waɗannan sunaye da wasa ba. Aka bar su, ba a ƙara tayar da maganar ba.

Taswirorin ma suka sake fuska. Ganuwar Turai ta tafi, kwarin Majiya ya shigo, da duwatsun Adar, da garkar albasa irin ta Galmi a bakin ruwa. Ya zana gari yadda tsuntsu zai gan shi: rumbunan laka manya zagaye-zagaye, rijiya, turken awaki, katanga mai kaurin layi, darni mai ɗigo-ɗigo. Fadar sarkin labarin ya aro mata fasalin hasumiyoyin masallacin Yama, ginin laka na jihar Tawa da magini Falke Barmu ya fara a 1962, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Fasalin kawai ya ɗauka. Masallaci kansa bai taɓa mayar da shi filin faɗa ba. Launi kuwa da fensir ƙanwar ke sawa bayan bugu, shuɗi ga ruwa, ja ga wuta, shi ke nan.

Janairu zuwa Afrilu 2024: sakamako

Daren farko da sabuwar taswira, cikin sanyin hunturu, aka danne kusurwoyinta da kofunan shayi. Kuraye sun kewaye wani gida. Kafin jagora ya yi bayanin komai, ɗaya daga cikin ƴan wasan ya sa yatsa a kan zaure ya ce, "Nan zan tsaya. Ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna, wanda ke waje ba zai gan ni ba." Wani ya ce zai hau rumbu. Babu wanda ya tambayi mene ne wannan, mene ne wancan. Faɗan da a da yakan ci sa'a biyu da musu, ya ƙare cikin minti arba'in da biyar.

Na Tawa ya dawo wasa ba tare da ya baro Tawa ba. An sa haruffa a saman taswira da lambobi a gefenta. Jagora na fitar da ita a PNG, fiksel 100 kowane gida, ya tura masa a matsayin takarda tun da rana, ya buga tasa a can, ya tara nasa marafan. Da dare murya kawai ake buƙata: "Na tashi daga D7 zuwa G9." Kowa ya motsa marfi a tabarmarsa.

An ɗage takunkumin CEDEAO ranar 24 ga Fabrairu, wuta ta ɗan samu daga baya, amma bai koma tsohuwar hanya ba. Zuwa ƙaramar salla a Afrilu yana da taswira 14 da ƴaƴa sama da 100 a cikin gwangwanin madara. Taswira ɗaya na ɗaukarsa yamma biyu. Kawun ya tsaya kansu wani dare, ya ɗauki marfi ɗaya ya duba, ya ce kurar ta yi kama. Wasa ya dawo cikin gida.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina kwamfutar ba ta da laifi, mai shagon ma haka. Taswirar farko an fara ta ne daga hoton da ya burge shi a bidiyo, hoton da aka yi don babban allo, da wuta mai tsayawa, da ɗaki mai haske. Ta biyu an fara ta daga abin da za a riƙe a hannu: marfi ya ba da girman gida, gida ya ba da adadin da takarda za ta ɗauka, fitilar caji ta yanke hukuncin baƙi da fari. Kowane awo ya fito daga wanda ya gabace shi, shi ya sa babu inda aka yi cikon ƙarfi. Layin santimita 10 na gefen shafi kuwa ya ba shi da mai shagon abin da za su auna tare, maimakon kowa ya ce nasa ne daidai.

Komawa gine-ginen Adar na fi ɗaukarta da muhimmanci fiye da yadda shi kansa ya ɗauke ta. Shi don ya huta da zanen abin da bai sani ba ya yi. Amma wanda ya girma yana shiga zaure ya san inda ake ɓuya a cikinsa, ya san tsayin rumbu, ya san darni ba ya tare kibiya. Wannan sani da ƴan wasan suka zo da shi daga gida ya ɗauke wa jagora rabin bayani. Raba aiki tsakanin biro da kwamfuta ma ya dace da garin da ba a san lokacin zuwan wuta ba.

Akwai abin da bai warware ba. Babbar taswirar ƙasa, mai nuna garuruwa da hanyoyin fatake, har yanzu ba ta fito yadda yake so ba, domin sunaye na cushewa in aka buga su baƙi da fari. Gam ɗin da ke riƙe takarda a cikin marfi yana saki a zafin Mayu. In layin waya ya yanke tsakanin Yamai da Tawa ana tsakar faɗa, marfin abokin nan yakan zauna a gidansa, sauran su zuba shayi na uku su jira.